Tsohon Tur da Hannun Yayana

Shekarar da na ajiye aikin ofis a tashar jiragen ruwa, matata ta ɗauka ta samu mijin da zai zauna a baranda da carbi da rediyo. Ba a jima ba na shigo mata da gungumen tsatsa. Injin sassaƙa ƙarfe ne, wanda mu 'yan Douala muke ce wa tur, 'yan Najeriya na kasuwa kuma su ce injin tana. Aikinsa ya damƙe ƙarfe ya yi ta juya shi, kai kuma ka matso da wuƙarsa kana fere ƙarfen har ya zama abin da kake so. A Deïdo na tsince shi, a bayan wani gareji, ciyawa ta tsiro ta cikinsa, kaza na kwanci a ƙarƙashinsa. Mai garejin yana jiran masu sayen tsohon ƙarfe su zo su farfasa shi. Ni kuwa tun ina ɗan makaranta, in na wuce shagon masu tur sai na tsaya kallo har a kore ni. Rayuwata duka a buga takardun kayan mutane na ƙare ta, ban taɓa ƙera abin da za a ɗauka a hannu a jujjuya ba.

Shigo da shi lungunmu na New Bell kaɗai labari ne. Mota ba ta shiga, sai a amalanke, majiya ƙarfi na turawa, ina biye ina ba da umarnin da babu mai saurare. Katakon da ke kan kwatar ƙofar gidanmu ya karye a ƙarƙashinsa. Da ƙyar aka cusa shi a tsohon shagon da ke jikin zaure, inda mahaifinmu ya taɓa sayar da goro. Matata ta leƙo, ta dube shi, ta dube ni.

“Malam, wannan fa gawar mece ce?” in ji ta.

Na ce mata inji ne, kuma zai tashi. Ta ce Allah Ya nuna mana da rai da lafiya, ta koma madafa.

Wanda bai zauna a Douala ba bai san tsatsa ba. A nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Ka goge ƙarfe da safe har ka ga fuskarka a jikinsa, ka je azahar ka dawo, ka tarar ya fara ja. Na koyi jiƙa kusoshi a kananzir, na koyi lallashin notin da ya ƙi kwancewa, ko da yake haƙuri ba halina ba ne, duk unguwa za ta ba da shaida. Na kwance injin gaɓa-gaɓa, na jera sassansa a kan buhu, ina kankarewa da buroshin waya, ina shafa mai. A ƙarƙashin dauɗar na tarar da wani koren fenti, da rubutun maƙeransa da ya goge ba ya karantuwa. Injin lantarkin da ke juya shi kuwa ya ƙone tun tuni. Na kai wa wani mai naɗin wayar inji a unguwar Nylon, ya ce in dawo mako mai zuwa, ni kuma na san irin makon masu gyara.

A lokacin nan Yayana yana gidana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya kai da fata sai na yi boko, shi kuma ya ƙare a fataucin albasa. Mutum ne da kan ɗaga buhu shi kaɗai ya jefa a mota yana yi wa 'yan dako tsiya. Hawan jini ya kayar da shi a tsakiyar kasuwa, ya farfaɗo ɓarin hagu ya shanye, magana ma sai da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya. Ɗansa guda ne, ma'aikacin ofis, ya gina gida can bayan gari a PK 14, ya ware wa uban ɗaki mai tayil da fanka da talabijin. Yaya ya ƙi. Ya ce a New Bell aka yanke masa cibiya, kuma muryar ladaninmu kaɗai ya sani. Ɗan ya haƙura ya bar mini shi, amma sai da ya durƙusa a gabana ya ce, “Baffa, amana na ba ka. Kada ya wahala.”

Muka kuwa riƙe amana yadda muka iya. A gidan Bahaushe babba ba ya ɗaukar komai ƙarami na kallo. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ce tarbiyyar banza ce ba. Yaya ya miƙa hannu ga buta, an riga shi. Ya sunkuya neman takalmi, an sa masa. Matata har lomar tuwo takan yanka masa ta jera a gefen kwano. In ya nufi masallaci, mutum biyu sun riƙe shi ta hammata, wani ya kawo kujera, wani ya karɓe sandar. Kowa na neman lada a jikinsa. Likita ya ce a bar shi ya riƙa motsa hannun, har ya ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa. Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado, babu wanda ya ga dacewar a sa dattijo wasa da ƙwallo, can ta zauna.

Sai ya daina zuwa masallaci. Sai ya rage cin abinci. Yakan kwanta fuskarsa ga bango, in an gaishe shi ya ɗaga yatsa kawai. Wata safiya na shiga zan sa masa hula, ya kau da kai, ya tattaro magana da ƙyar ya ce, “Saura likkafani.” Na yi kamar ban ji ba, na fito. Amma na ji sarai, kuma tsoro ya kama ni, don ina ganin mutumin yana tafiya a gaban idona alhali babu abin da ya rasa a gidan.

Ƙarar kankare-kankarena ce ta fito da shi. Ɗakinsa yana kallon zaure, sai ya fara jan ƙafa ya zo ya zauna a kan benci a bakin shagon. Ina aikina, yana kallona da irin kallon da yake mini tun ina ƙarami in na zubar da miya. Na gama haɗa injin, na shafe shi da mai, na juya bakinsa da hannu na ji ya tafi sumul. Mai naɗin waya har lokacin yana ta mako mai zuwa. Ni kuwa zuciyata ta ƙi zama. Na samo wani babban gargaren ƙarfe na tsohon injin niƙa, mai mariƙi a gefe, na kafa shi a kan gungume kusa da tur, na haɗa su da bel. In aka juya gargaren da hannu, injin zai juya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne hannuna biyu ne. Sai in juya gargaren har ya ɗauki gudu, in saki, in yi tsalle in kama wuƙa, kafin ta taɓa ƙarfen gudun ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na san da haka, amma taurin kai ya sa na yi ta yi har gumi ya jiƙa mini riga. Na leƙa lungu ko zan ga mai taimako, ruwa ake tsugawa, ba kowa. Matata tana kasuwa. Na yi jifa da sifana a bango, na zagi injin, na zagi mai naɗin waya har da garinsu.

Ina cikin wannan huci na ji gargaren ya motsa. Na juya, na ga Yaya ya taso, ya jingina ƙugunsa da gungumen, ya kama mariƙin da hannunsa na dama. Na hagun yana lilo a gefensa. Bakina ya buɗe zai ce abin da ya saba cewa, wato bari, Yaya, zauna ka huta. Amma fushin da nake ciki ya riga ladabi fitowa.

“To in za ka juya, ka juya da ƙarfi mana,” na ce masa.

Wallahi ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba tun da aka haife ni. Ya ɗago ya dube ni. Na ce yau na shiga uku. Sai na ga gefen bakinsa mai rai ya ɗan ja sama, ya sa ƙarfi, bel ya kama, injin ya ɗauka. Na matso da wuƙar a hankali har ta taɓa sandar ƙarfen da na ɗaura. Wani siririn zare mai sheƙi ya fito yana nannaɗewa, ya yi tsawo, ya faɗi ƙasa. Shi ne ƙarfe na farko da na fere a rayuwata. Ba mu daɗe ba ya gaji, ya koma kan benci yana haki. Da rana matata ta kawo abinci, ta fara yanka masa loma, ya ture hannunta ya ja kwanon gabansa.

Daga nan abin ya zama aikinmu. Da safe mu sha kunu da makala, wato fanken garin nan, in share injin, shi kuma ya ɗaura tsohon zanensa na kasuwa a ƙugu ya tsaya a wurinsa. Muka ƙera wa injin kansa abubuwan da suka ɓace a jikinsa, kan wani mariƙi, da zoben da ya lashe. Muka yi wa maƙwabciyarmu mai niƙan gyaɗa ƙusar injinta. Rabin abin da na fere ɓata shi na yi, don littafi da bidiyon waya ba sa ba mutum hannu. In na nutsa wuƙa da yawa, shi ke fara ji a hannunsa, gargaren ya yi masa nauyi, sai ya yi gyaran murya in ja baya. Da haka magana ta fara dawo masa, kuma yawancinta faɗa ce. “Gaggawa,” yakan ce. Ko kuma, “Ɗan boko.” Ban taɓa jin daɗin zagi irin na lokacin ba. Ya koma masallaci, kuma duk wanda ya kawo hannu zai riƙe shi sai ya ga sanda ta tare shi.

Ana nan sai ga mai naɗin waya da kansa a kan babur, ya kawo injin lantarki, ya sha sabon fenti. Muka gwada shi a ƙasa, ya ɗauka lafiya lau. Aikin ɗaura shi bai fi na yini guda ba. Yaya yana zaune a benci yana kallonsa, sai na ga ya kwance zanen ƙugunsa ya ninke a kan cinya. Na tura injin ƙarƙashin tebur da ƙafa, na ce ai wutar garin nan ba abin dogaro ba ce, sai na samu lokaci. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani. Kashegari na tarar an rufe injin da buhun albasa, kuma ba ni na rufe ba.

Shagon ƙofarsa a buɗe take ga lungu, saboda zafi. Akwai wani ɗan kasuwa daga Najeriya, mai sayar da yadi, da ke haya a gidan da ke kallonmu. Mutumin kirki ne, mai yawan gaisuwa, kuma yana ganin girman Yaya ƙwarai. Shi ya fara tsayawa. Ya ga dattijo mai shanyayyen hannu yana gumi a kan gargare, ƙaninsa kuma yana tsaye yana ce masa ƙara, rage. Ya shigo da sauri yana naɗe hannun riga.

“Haba Alhaji, kawo in karɓe ka,” ya ce wa Yaya.

Yaya bai saki ba. Ni kuma da bakina da ba ya shiru na ce masa mun gode, akwai mai yi. Ya fita yana girgiza kai. A ganinsa abin da ya gani zalunci ne, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma da a gidan wani na gani haka zan ce. Kafin Juma'a magana ta zaga unguwa. Wai na mai da yayana ɗan zuga, irin yaron da maƙeri ke sa wa hura wuta. Wai ga injin lantarki a ajiye, tsabar ƙeta ce ta hana ni ɗaurawa. Liman ya riƙe hannuna bayan sallar la'asar, ya yi mini doguwar nasiha a kan haƙƙin na gaba, bai ambaci sunan kowa ba. Matata ta ce, “Malam, ni na ga amfanin abin, amma bakin mutane fa?” Na ce bakin mutane yana nan lokacin da yake kwance yana kallon bango, me ya yi masa?

Na faɗi haka ne da ƙarfin hali, amma a tsorace nake. Na san maganar za ta kai PK 14. Ɗa ya fi ƙani iko da uba, wannan babu gardama. In ya zo ya ce zai tafi da mahaifinsa, ba ni da bakin hanawa, kuma unguwa duka za ta taya shi ɗaukar jaka. Can kuwa na san abin da ke jiransa: katifa mai laushi, da surukar kirki da ba za ta bari ya ɗaga ko cokali ba. Na ga abin da irin wannan gata ya yi masa a gidana.

Ranar wata Asabar da hantsi ɗan Yaya ya zo. Muna tsakiyar fere tagullar da za mu sa wa gindin sandar Yaya, don damina ta cinye itacen. Na hango tasi ta tsaya a bakin lungu ba ta tafi ba. Ya shigo ta zaure, bai biyo ta shago ba, na ji yana gaisawa da matata, na ji ana buɗe akwati a ɗakin Yaya. Sannan ya fito da jaka a hannu ya tsaya a ƙofar shagon. Ya durƙusa ya gaishe mu yadda ya kamata, don yaro ne mai tarbiyya. Da ya miƙe, idonsa ya sauka a kan rigar ubansa da ta manne da gumi.

“Baffa, ban yarda ba da aka faɗa mini,” ya ce. Muryarsa a ƙasa take. Ya juya harshe zuwa Faransanci, yadda muke yi in magana ta yi nauyi, ya tambaye ni ko abin da ke ƙarƙashin buhun can ba injin lantarki ba ne. Na ce shi ne. Ya tambaya ko yana aiki. Na ce yana aiki. Ya koma Hausa, ya ce, “Baba, mota na jira. Taso mu tafi gida.”

Gargaren ya riga ya tsaya. Yaya ya dubi ɗansa, ya dubi jakar, ya dubi tagullar da ke bakin injin, rabinta na sheƙi rabinta baƙa.

“Ba mu gama ba,” in ji shi.

Ya sake kama mariƙin ya fara juyawa. Ni ma sai na matso da wuƙa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Matata ta kawo wa baƙon kujera, bai zauna ba. Ina ɗa zai zauna ubansa na tsaye yana aiki? Ya ajiye jakar, ya tsaya kusa da gargaren, hannuwansa na buɗewa suna rufewa. Tagulla tana zuba ƙasa kamar garin masara.

Can hannun Yaya ya fara gajiya. Na ji a wuƙar, gudun yana raguwa, bel yana jan ƙafa. A kullum a nan yake sakewa ya koma benci. Ɗan ya matso, ya miƙa hannu zai kama mariƙin, kuma na rantse ko ni ne a wurinsa abin da zan yi ke nan. Yaya ya tare shi da kafaɗa. Ya saki mariƙin, ya kamo hannunsa na hagu, shanyayyen, ya ɗaga shi da na dama ya ɗora a kan ƙarfen. Ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufe su da tafin hannunsa mai lafiya. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Ya sunkuyar da kai, ya tura da duk jikinsa, gargaren ya tafi, hannun da muka shekara muna sa wa riga kamar kayan wani yana zagayawa tare da shi.

Ɗan ya daɗe yana kallon hannun. Sai ya juya ya fita lungu. Na ce a raina ya tafi kiran direba su ɗauke Yaya da ƙarfi. Jim kaɗan na ji tasi ta tashi, ƙararta ta yi nisa. Ya dawo shi kaɗai, idanunsa jajir. Ya ɗauki jakar ya miƙa wa matata. Sannan ya jawo kujerar nan, ya yi jim a kanta yana riƙe da ita, ya zauna, ubansa na tsaye.

Ashe na tsaya da aiki ban sani ba. Yaya ya ɗago kai yana haki, ya harare ni.

“Kai kuma me kake kallo? Yanka.”

Na matso da wuƙar. Da ƙyar nake ganin tagullar, don idona ya cika da hawaye.